Saƙon Baffa a Talabijin

Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Goronyo lokacin da ciwo ya kwantar da Baffa, ƙanen mahaifina. Shi yana Rabah, Baba yana Wurno, kuma sun yi shekaru ba sa magana. Tsamiya ce ta raba su, wadda ke bakin gonar gado, Baffa ya sa aka sare ta ba tare da ya gaya wa yayansa ba. Ba su yi cacar baki ba. Daina zuwa wurin juna kawai suka yi, mu 'ya'yansu muka saba da kai gaisuwar da babu wanda ya aiko mu da ita.

Wata Asabar cikin bazara na hau babur na je duba shi, laftof ɗin da nake shigar da makin ɗalibai tana cikin jaka a bayana. Na same shi a kan tabarma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan mun gaisa ya nuna jakar da haɓa.

"Abin ga naka shina ɗaukar magana?"

"Shina ɗauka, Baffa, har da hoto."

"To aje shi gabana, ka hita waje. Saƙo na, ka kai ma yaya."

Na ɗora ta a kan turmin da aka kife, na kunna, na fita. Ya daɗe bai kira ni ba.

Washegari na kai wa Baba. A lokacin kunnensa ya yi nauyi ƙwarai, ya daina amsa waya, ko mu sai mun ɗaga murya. Na buɗe masa, fuskar ƙanensa ta fito, ya tsura mata ido. Amma muryar laftof siririya ce. Ya kai kunnensa har yana taɓa madannai, ya ɗago ya ce, "Mi yac ce?" Na dakatar da hoton tun bai wuce sallama ba. Na sa masa abin saurare a kunne, ya cire, ya ce ƙugi kawai yake ji. Na ce to bari in saurara in faɗa masa da ƙarfi.

"A'a," in ji shi. "Ba kai anka aiko ma ba. Da kunnena za ni ji."

A ɗakin yayana, nan gidan Baba, akwai talabijin mai faɗi, wadda idan aka ƙure ta Baba yakan ji karatu a cikinta. Sai na ga ai abin mai sauƙi ne, waya kawai ake bukata tsakanin laftof da talabijin. Na koma Goronyo, na yi kwana biyar ina aji, ranar Juma'a da yamma na aro wayar da ke ofishinmu, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu da ake murɗawa, na dawo da ita Wurno. Don kada in ji abin da ba nawa ba, da wani hoton darasin lissafi nake gwaji. Hoto ya fito a talabijin, malamin cikinsa yana ta motsa baki, muryarsa kuwa tana nan maƙale a laftof. Na ƙure rimot har ƙarshe. Shiru. Ina cikin jujjuya waya aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba har na koma bakin aiki.

Mako na gaba na zarce Achida wurin wani mai gyaran talabijin. Ya karɓi wayar, ya dube ta sau ɗaya ya miƙo mini.

"Malam, wagga hoto kaɗai taka ɗauka. Ko shekara kay yi ba ka jin komi. Mai hwaɗin baki za ka nema, HDMI, ita ad da hoto da murya."

Ya ciro ɗaya daga cikin kwali ya ba ni. Na dawo Wurno da rana tsaka, ina wuce motocin albasa, warinta yana bin iska mai zafi. Bayana yana ciwo, ga tarin takardun jarrabawa da ban duba ba. Amma na ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Hoton ya fi na da kyau, har ana ganin ƙurar alli a hannun malamin, murya kuwa tana inda take. Na cire na mayar. Na sauya ramin da ake soka wayar, talabijin ɗin tana da biyu. Na kashe komai na sake kunnawa. Na shiga duk inda rimot zai kai ni, na ɓata wa yayana tsarin tashoshinsa. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki a kan buzu yana jan casbi. Lokaci-lokaci yakan ɗago ya dube ni, in girgiza kai, ya mayar da idonsa ƙasa. Wannan ɗagowar ta fi tafiyar gajiyar da ni.

A ranar ne ɗiyar Baffa ta bugo mini daga Rabah, ta ce ya daina cin tuwo, sai kunu, shi ma cokali kaɗan. Ta ce yana tambaya ko an kai saƙon. Na ce mata ana kan hanya. Da na kashe wayar na zauna a ƙasa na jingina da bango, na ji haushin su biyun. Tsofaffi biyu, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba a tsakaninsu, sun bar ni ina yawo da wayoyi a aljihu. Na so in buɗe hoton in saurara, in je in faɗa wa Baba a kunne ko yana so ko ba ya so. Ban yi ba, kuma ba ladabi ne ya hana ni ba, kasala ce.

Ranar Lahadi da hantsi wata ma'aikaciyar asibiti da ke haya a maƙwabtanmu ta shigo. Mutuniyar Zuru ce, Kirista, takan biyo bayan ta dawo daga coci ta auna jinin Baba. Ta gama da shi, ta leƙo ta gan ni a tsugune tsakanin wayoyi.

"Malam, lafiya? Tun jiya nake ganin babur ɗinka."

Na yi mata bayani a gajarce. Ta ajiye jakarta.

"Mu ma ya taɓa yi mana haka da muke nuna wa mata hoton rigakafi. Ba wayar ba ce. Kwamfutar ce ba a gaya mata inda za ta tura murya ba."

Ta nuna mini ɗan hoton lasifika a ƙasan allo, can gefen agogo. Na danna shi da maɓallin dama, na shiga inda ake jera abubuwan da ke fitar da sauti. Abu ɗaya ne a jerin, lasifikar laftof. Ta ce in sake danna dama a farin wurin da ke ƙasa, in zaɓi a nuna waɗanda aka kashe. Sai ga sunan talabijin ya fito, dishi-dishi. Na kunna shi, na mai da shi na farko. Na manta rimot a ƙure yake. Muryar malamin lissafi ta fashe a ɗakin, kajin da ke tsakar gida suka watse. Ta yi dariya, ta ɗauki jakarta, ta yi wa Baba sallama ta fita. Duk abin bai kai tsawon alwala ba.

Na shimfiɗa wa Baba buzunsa a gaban talabijin, na buɗe saƙon na fita. Fitar ba ta yi wani amfani ba, don da irin ƙarar da yake bukata, duk gidan yana ji. Matan da ke daka suka ajiye taɓare.

Baffa ya yi sallama, ya yi dogon tari. Ya tambayi albasar bana. Ya daɗe yana ba da labarin ranar da mahaifiyarsu ta ƙetare gulbi da su a kwalekwale, shi yana kuka, yayansa yana riƙe da ƙafarsa. Can wajen ƙarshe ya ce, "Tsamiyar nan, yaya, ta ruɓe ta ciki, na ga ramin da idona. Tsoro niy yi ta hwaɗa ma yara. Amma kai ab babba, ya kamata in zo in hwaɗa maka, ban zo ba." Daga nan sai ƙarar numfashinsa, da muryarsa yana kirana in zo in kashe.

Na shiga. Baba bai juyo ba.

"Maido shi daga hwarko," ya ce.

Sau uku ya saurara. Sannan ya ce in nemo mota, ba ya iya babur.

Na aika makaranta cewa ba zan samu shiga ranar Litinin ba. Washegari muka isa Rabah kafin azahar. Muryar Baffa ta riga ta dushe, ko ni da ƙyar nake jinsa, balle Baba. Ya yi ta motsa baki, Baba yana gyaɗa kai a wuraren da ba su dace ba, hannunsa a kan gwiwar ƙanensa. Babu wanda ya nemi in shiga tsakani, ni ma ban yi tayi ba.

Na fito zaure, na sami wata tsohuwar tabarma na kwanta da takalmana a ƙafa. Ban farka ba sai da ɗiyar Baffa ta ajiye buta kusa da kaina, ta ce in tashi, la'asar na shirin wucewa.