Ƙaiƙayin da ke Tsakanin Tuluna

Kakata Iya Tabawa maginiyar tukwane ce, kuma ba ta yi mana tatsuniya sai ranar gashin tukwane. Bayan magariba mukan kewaye ragowar garwashin muna tura dankali cikin toka, ita kuma ta miƙe ƙafa tana mitar wai mun cika ci.

"To ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ya yi asara," in ji ta.

Wai tuluna biyu aka ɗora wa jaki za a kai kasuwa, aka cusa ƙaiƙayi a tsakaninsu. Tulunan suka dinga yi masa gori: "Mu wuta muka shiga muka fito. Kai fa? Ko akuya sai ta rasa abin ci take kallonka." Ƙaiƙayi ya yi zuciya, ya bi iska. Jaki na yin tuntuɓe, ƙwas! Tulu ya fasa tulu.

Na ce, "Iya, maganinsu ke nan!"

Ta dungure min kai. "Ke dai uwar zuciya. Shi da ya tafi me ya samu? Tulunan nan fa 'yan gidansu ne."

Yau ina Doha, injiniya ce ni a wani kamfanin gilashi a unguwar masana'antu ta Sanaiya. Abokin aikina ɗan Sweden yana kiran irin gilashinmu flerskikt, wato abu mai hawa-hawa. Ya ce har bututu da katakon daɓe suna da irinsa. Namu gilashi biyu ne da 'yar roba mai laushi a tsakani, ido ba ya ganinta. Ko ya tsage ba ya tarwatsewa.

Lokacin da na fara jin kalmar, wallahi a gajiye nake. A gidanmu na unguwar Old Airport, maigidana da autanmu Mubarak sun daina magana, tun da yaron ya ce girki zai karanta, ba likitanci ba. Komai sai ta bakina. "Gaya wa ɗanki." "Umma, ki faɗa wa Abba." Kuma kowa a kaina yake hucewa. Har na fara duba jirgin Kano, na ce khalas, shi ke nan, su ƙarata.

Ran nan a wurin aiki ina riƙe da wani guntun gilashinmu sai Iya ta faɗo min a rai. Da ina yarinya na ɗauka tuluna take ja wa kunne, ashe da mai zuciya irina take. Na fasa tafiya. Na ci gaba da kai saƙo, ina rage masa kaifi a hanya.

Ran Juma'ar nan Mubarak ya yi dambu. Na ajiye wa babansa. Ya cinye tas, ya suɗe hannu. Sai ya ɗaga murya, kuma ba ni ya kalla ba.

"Mubarak! Akwai saura?"