Ƙullin Tudu a Kan Ruwan Tiga

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da yammacin da ni da yayana muka shiga ruwan Tiga da kwale-kwalen aro ba. Shekaru sun tura, furfura ta fara yi mini sallama, amma har yau in na ga hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Mu manoman rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Tumatir muka sani, da albasa, da shinkafa. Babu masunci a danginmu ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Ruwan da muka tashi da shi na kanal ne, wanda aka yi wa hanya da siminti, in ka gaji da iyo ka miƙa hannu ka kama gefe. A ciki muka koyi ninƙaya, muka kuma ɗauka mun gama sanin ruwa. Ni dai ko a kanal ɗin ban taɓa yin wani abin kirki ba, shi ya sa yayana yake ce mini farar kura.

Shi kuwa mutum ne mai hannu. In kakar tumatir ta kama, a Kwanar Gafan yake yini yana ɗaure kwanduna a kan manyan motocin da ke tafiya kudu. Direbobi sukan jira shi ko da akwai wasu masu ɗauri a zaune, saboda wani ƙulli da ya iya, wanda duk yadda kaya ya ja shi sai ya ƙara tsukewa. In an isa can, da wuƙa ake yanke igiyar. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Ƙullina bai taɓa zubar wa kowa da kwando ba." Gaskiya yake faɗi kuwa, ko maƙiyinsa ya shaida.

Abin ya samo asali ne daga gidan kallon ƙwallo a Kura, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu. Wata rana kafin a take wasa, mai gidan ya bar wata tasha a kunne, aka nuno wasu Turawa biyu a cikin jirgi a tsakiyar tafki. Ba sa tuƙi, iska ce ke tafiya da su a hankali, suna ta wulwula zare a sama suna ajiye wani ɗan abu mai kama da ƙwaro a kan ruwa, kifi yana tasowa yana cafkewa. Kowa ya yi ta ihu a canza tasha, ban da yayana, da ya saki baki yana kallo. A kan mashin muna komawa gida ya ce mini, "Kai, ka lura ba tana suka sa ba? Gashin tsuntsu ne fa. Yaudarar kifin suke yi."

Na ce, "To Yaya, kifin Turai ne, ba ya jin yunwa. Namu sai ya ga abinci."

Daga ranar nan gidanmu bai ƙara hutawa ba. Ya samo doguwar gora siririya, ya kankare ta. Ya sayo ƙananan ƙugiyoyi da zaren fatsa. Da ya ga zaren ya yi rashin nauyi, ba ya jefuwa, sai ya tufka wani mai kauri ya goge shi da kyandir don ya yi nauyi ya kuma riƙa yawo a saman ruwa, ya ɗaura siririn a ƙarshensa. Zabin Inna da zakaranta suka shiga uku, kullum da figaggen wuya. Yakan zauna a zaure bayan la'asar da baƙin zaren ɗinki yana naɗa gashin a jikin ƙugiya, har ya fitar da wani abu mai fiffike biyu, in ka gani sai ka rantse shinge ne, garar nan mai tashi da ke fitowa bayan ruwan farko. A gwangwanin madara yake tara su. A bakin kanal ya koyi jifan, kuma hulata da kunnena su suka fara shan ƙugiya kafin kowane kifi.

Wani dattijon masunci a bakin dam ɗin Tiga ne ya yarda ya riƙa ba mu aron tsohon kwale-kwalensa. Ya kalli gorar, ya kalli gwangwanin, ya yi dariya har da tari. Sauran masuntan ma suka yi ta tsokanar mu, wai manoma sun zo yi wa kifi kwalliya. Wannan tsokana ce ta sa yayana ya ɓoye musu babbar dabararsa. Ya lura Turawan nan suna jan wani abu kamar jaka a cikin ruwa don kada iska ta yi gudu da su. Sai ya samo buhun taki, ya buɗe bakinsa da zoben waya, ya ɗaura masa doguwar igiyar roba. Ba ya fito da shi sai mun yi nisa da gaɓa. Sai ya jefa shi ta ɓangaren da iska ke fitowa, ya ɗaure igiyar a katakon zama na tsakiyar jirgin, jirgin ya juya a gicciye, ya riƙa tafiya sannu-sannu. Mu kuma muna jefa ƙugiya gaba, inda jirgin bai kai ba tukuna, inda kifi bai tsorata ba.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi aiki. Ranar da kifin nan kawara ta fara tasowa ta haɗiye gashin zabuwa a gaban idona, ni da ke kushe abin na fi shi ihu. Akwai wani irin shiru a tsakiyar ruwan nan, ba ƙarar injin ban-ruwa, ba hayaniyar dillalai, sai ɗan bugun ruwa a jikin katako. Ban taɓa ganin yayana cikin natsuwa irin ta lokacin ba.

Abin da yake jira shi ne fitar shinge. Yana cewa ranar da na gaske ya zubo a kan ruwa, kifi ba zai tsaya bambancewa ba. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, washegari bayan azahar ya tayar da mashin. Tumatir ya ƙare, ba a fara dashen shinkafa ba, ba mu da wani uzuri. Inna ta biyo mu har zaure, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Ni fa ba na son wannan shiga ruwan naku. Ku ba 'ya'yan ruwa ba ne."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ki dai tanadi daddawa da barkono. Yau sai kin raba wa maƙwabta."

Ta juyo wajena ta ce, "Kai mai tsoron, ka riƙa ja masa birki." Na ce to.

Da muka isa bakin ruwa, dattijon ya miƙa mana filafilin tuƙi yana duban sama. Ya ce, "Samari, in kun ga gabas ta yi baƙi, kada ku jira komai, ku fito." Muka ce in sha Allahu.

Yadda yayana ya faɗa, haka aka yi. Wajen la'asar shinge ya fara zubowa, fuskar ruwan duk ta cika da fiffike, kifi yana ta fantsama ko'ina kamar ana tafasa tukunya. Jifa kaɗan ne ke dawowa ba komai. Iska tana ɗauke da mu a hankali zuwa wani ɓangare da ba mu taɓa zuwa ba, inda ake ganin kan busassun itatuwa jefi-jefi sun leƙo, ragowar dajin da ruwa ya cinye lokacin da aka yi dam ɗin. Na waiwaya na ga gabas ta haɗe. Na ce, "Yaya, hadari fa." Ya ce, "Na gani. Bari in cire wannan mu tafi." Bai yi gardama ba, wannan zan shaide shi har gaban Allah. Ya cire kifin, ya ajiye gorar, ya kama igiyar buhun zai jawo.

Igiyar ta ƙi zuwa. Buhun ya sarƙe a jikin wani itace a ƙarƙashin ruwa.

Muka ja tare, ko motsi. Kafin mu yi wata shawara iskar ta iso, irin wadda ke zuwa gaban ruwa, mai sanyi da ƙarfi. Ruwan da yake kwance ya tashi tsaye. Da a sake muke, da iskar ta kora mu gaɓar yamma ko da a wahalce. Amma ga mu a ɗaure, a gicciye, igiyar tana danna gefen jirgin zuwa ƙasa ta daidai inda igiyar ruwa ke dukan mu. Kowace ta zo sai ta zuba mana rabonta a ciki. Na kama kwarfar ruwa da ƙwarya ina salati.

Ya durƙusa a kan ƙullin. Ina ganinsa yana sa farce, yana sa haƙori. Ƙullinsa ne, wanda ya saba, wanda hannunsa ke yi ko yana barci, kuma yana yin abin da aka ƙirƙire shi don ya yi: iska tana ja, yana ƙara tsukewa. Ba mu da wuƙa a jirgin, sai 'yar reza da yake yanke zaren fatsa da ita. Ya ciro ta ya fara gurzar igiyar, jini yana bin yatsunsa. Ya ci kusan rabi sai wata babbar igiyar ruwa ta taso, na ga sama ta koma ƙasa.

Da na ɗago, jirgin ya kife, yana nan dai a ɗaure. Hannunsa na ji a wuyan rigata, ya jawo ni ya ɗora hannuwana a kan katakon. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ɗan jima a haka, muna haɗiyar ruwa, jirgin yana nitsewa yana tasowa saboda nauyinmu mu biyu. Ya dubi gaɓa, ana hango ta dishi-dishi. Ya ce, "Ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Riƙe nan, ko me za a yi kada ka saki. Bari in kira mutane."

Na ce, "Yaya, don Allah kada ka tafi. Da nisa."

Ya ce, "Haba, ni da nake tsallake babban kanal da kwando a ka? Riƙe dai."

Ya saki. Na ga kansa yana hawa yana sauka, yana iyo irin namu na kanal, da ƙarfi, da sauri, iyon wanda ya saba gefe yana kusa. Na yi ta bin sa da ido har ruwan sama ya shiga tsakaninmu. Na kira shi har muryata ta dushe.

Gab da magariba iskar ta lafa. Dattijon nan ne da wasu masunta suka fito neman mu, tun da bai ga dawowarmu ba. Suka same ni a manne da jirgin, sai da suka ɓamɓare yatsuna. Tambayar farko da na yi musu ita ce ko yayana ne ya turo su. Sai ɗayansu ya cire rigarsa ya lulluɓa mini.

Washegari da hantsi aka sami gawarsa, ba nisa sosai da gaɓa. Ni na shiga na gaya wa Inna tun a daren, kafin a same shi, don ba wanda ya iya. Na tarar ta daka barkonon ta ajiye a akushi. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dube ni ta ce, "Kai kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ta yi innalillahi, ta juya fuskarta bango. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini don me ban ja masa birki ba, kuma ba ta ƙara cin kifi ba.

Bayan an share makoki na koma bakin dam ɗin don in yi wa dattijon godiya. Na tarar an jawo jirgin tudu, guntun igiyar yana nan a jikin katakon zama, ga shatin reza a jikinsa. Ya ce ya bar shi ne don in gani. Ya taɓa ƙullin da yatsa ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya jinjina kai. "Ƙulli ne mai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma na tudu ne, ɗana. Mu a ruwa, abin da ba zai kwance da ja ɗaya ba, ba ma ɗaure shi a jirgi." Ya ɗauki wata igiya ya yi zarge a gabana, ya ja bakinta sau ɗaya, ta zube. Sai ya ce, cikin sanyin murya, da ya san muna jan buhu a ruwan nan mai itatuwa, da ya nuna mana wannan ɗaurin tun ranar farko. Idonsa ya kawo ruwa, ni kuwa na zauna a kan yashi na yi kukan da ban yi ba a wajen jana'iza.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ƙullin nan shi ya kifar da mu, shi ne kuma ya tsayar da jirgin wuri ɗaya har aka zo aka same ni. Kwana ne ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Amma abin da na koya, na koye shi da tsada: gwanintar mutum tana da iyakar ƙasarta, kuma in ka shiga sana'ar da ba ka gada ba, ka nuna wa masu ita duk abin da ke hannunka, ko da za su yi maka dariya. Dariyar masunta da muka guje wa ba ta kai ko kusa da abin da muka biya ba.

Ni ne na gaji ɗaurin kwanduna a Kwanar Gafan, kuma ƙullinsa nake yi, don har yanzu bai zubar wa kowa da kaya ba. Duk wanda ya zo koyo a wajena ina nuna masa shi. Amma ba na barin sa ya tashi sai ya koyi na dattijon nan, mai kwancewa da ja ɗaya, sai kuma na gaya masa inda ake yin kowanne.