Baba Sannu Ya Farka Ba Na Wajen

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ran Baba Sannu, tsohon shugabanmu a ɗakin farfaɗowa, inda ake kai marasa lafiya su farka bayan tiyata. Kwana tara ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Wallahi na gaji, Baba. Shekara goma sha huɗu muna aiki tare, abu ɗaya tak ka taɓa roƙona: in tsaya a kanka lokacin da za ka farka daga allurar barci. Ban tsaya ba.

Wanda bai taɓa ganin mutum yana fitowa daga allurar barci ba, ba zai gane aikinka ba. Wani yakan farka lami lafiya. Wani kuwa sai ya tashi a firgice, bai san inda yake ba, ya fizge robar ƙarin ruwa, ya kai naushi, ya nemi dirowa daga gado da ɗanyen ɗinki a cikinsa. Da can abin da muka sani shi ne a danne shi, a ɗaure masa hannuwa da bandeji a ƙarfen gado. Kai ka ce ba a gabanka ba.

Tun ana gobe tiyata kake zuwa wajen mara lafiya, ka ja kujera, ka zauna har ya saba da muryarka. Ka gaya masa zai farka maƙogwaro na yi masa zafi, zai ji kamar fitsari ya matse shi alhali robar da aka sa masa ce. Ka tambayi sunan da ake kiransa da shi a gida. Tabaransa da haƙoran robarsa kai kake adana su, su ne farkon abin da kake mayar masa. In ya fara motsi sai ka kashe fitilar da ke kansa, ka ƙara masa bargo, ka tabbatar maganin ciwo ya shiga tun bai buɗe ido ba. Kuma mutum ɗaya ne zai yi magana. Sai dai a ji ka: “Sannu, an gama. Sannu, kana asibiti.” Nan sunan ya samo asali.

Ina tuna wani ƙaton magini da mu huɗu muka kasa riƙewa. Ka zo ka ce kowa ya cika shi, ka ɗaga zanen gado, ashe robar fitsari ce ta lanƙwashe. Kana miƙe ta, bawan Allah ya yi ajiyar zuciya ya koma barci, mu kuwa muna haki kamar mun yi dambe. Akwai kuma tsohuwar da ta farka ta ɗauka kai ne mijinta da ya rasu, ta dinga zazzaga maka faɗa a kan ka bar ƙofa a buɗe. Ka ce, “Na yi laifi, Hajiya, yanzu zan rufe.” Mako guda muna tsokanarka da angon Hajiya.

Aibinka ɗaya, kuma zan faɗa: ba ka rubutu. Komai a ka. Kullum cewa kake takarda ba ta san mutum ba. Ni ma haka na tashi a hannunka.

Shekara biyu bayan ka yi ritaya aka gano ƙari a hanjinka. Ana gobe aikin na zo na zauna a gefen gadonka, ka yi dariya ka ce, “Ni na san kaina, faɗa zan yi. Kunnen hagun nan ya mutu, ban gaya wa kowa ba. Ka tsaya ta dama.” Na ce an gama, Baba. Na riƙe maganar a kaina. Ban rubuta a fayil ba, ban gaya wa sababbin ma'aikatan ba, don ban taɓa tunanin wani zai tsaya a wurin ba ni ba.

Ranar aikin naka, ƙarfe ɗaya da rabi na rana aka shigo da wata mai naƙuda jini ya ɓalle mata, ga shi ba wani mai taimaka wa likitan barci sai ni. Na shiga. Kafin in fito ka farka. Sababbin ma'aikatan su uku suna yi maka magana lokaci guda ta gefen hagu, fitila a fuskarka. Ka fizge robar da ke cikinka, ɗinki ya buɗe. Ina shigowa na tarar da hannuwanka ɗaure a ƙarfen gado, ana shirin mayar da kai tiyata. Ba ka sake magana ba a kwana huɗun da ka yi kafin ka rasu.

Likita ya ce zuciyarka da ma ta yi rauni, ko ina nan ko ba na nan. Wataƙila. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Ban ga laifin abokan aikina ba, abin da suka sani suka yi. Mai naƙudar ta rayu, da ita da jaririyarta. Duk na gaya wa kaina waɗannan, kuma har yau abinci ba ya yi mini daɗi.

Ranar sadakar uku, Inna, matarka, ta sa aka kira ni. Ta ce, “Ɗan nan, ya farka cikin natsuwa ko? Da ma ya ce kada in damu, kana wajen.” Na sunkuyar da kai na ce Allah Ya jiƙansa, ta sa mini albarka, na karɓa na fito.

Inna, na san za a karanta miki wannan. Ba na wajen. Ki yafe mini.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa wahalar kwanakin nan huɗu ta zama kankarar zunubi. Allah Ya ba Inna da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.