Ammu Barsum da Layin Ƙwan da Ba Ya Sokewa

Kafin ƙarfe bakwai na safe Ammu Barsum, wato Baffa Barsum da Larabci, ya tace ruwan teku, ya sha shayinsa a tsaye, ya zauna yana jan allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki a ɗakin bincikenmu na garin Ƙusair, bakin Bahar Maliya. Ranar Alhamis zai yi ritaya, aka ce ni zan rubuta masa jinjina. Ni fa, da na yi wata huɗu ba na gaishe shi.

Aikinsa ya jera ƙwan bushiyar teku, wata 'yar halittar ruwa mai ƙayoyi, layi-layi a faranti, ya soka wa kowanne maganin da ke yanke ƙwayar gado guda. Mu kuma mu jira mu ga abin da tsutsar da ta fito daga ƙwan za ta rasa, ko ma gane yadda halittun farko suka sami ƙashi. Matarsa har gobe cewa take likitan kifi ne. Shi kansa ya ce bai gama gane abin ba, hannu kawai ya kawo.

A shekarata ta huɗu ta digirin dakta, tsutsotsina suka tashi babu ƙashi. Abin da nake nema ke nan. Farfesan da ke duba aikina ya sa ranar kare kundi, mahaifiyata ta sanar da unguwa kaf. Sai ga Ammu Barsum da faranti. Al'adarsa ce ya bar layin ƙarshe bai soka ba, mu ɗalibai muna yi masa tsiya wai tsufa ne, hannu ya gaji.

"Daktora, 'yata, leƙa nan. Waɗannan ban taɓa su ba, su ma ba ƙashi."

Kaina ya ɗaure. Na ce ya zubar, wa zai sani? Wallahi da bakina na faɗa.

"Ban yi boko mai zurfi ba, amma na gani. Ke za ki kai wa Farfesa, ko ni?"

Da aka kai wa Farfesa aka bincika, ashe sabon bututu ne ya ɓata ruwan, ba yankan da muka yi ba. Shekara biyu na ƙara, kuma ƙwayar da na ƙwallafa wa rai ta fito ba ruwanta da ƙashi.

Ammu, kai ne mai hannun da ba ya rawa. Har yau ban san ko cetona ka yi ko kayar da ni ba, ban ma san ko haushin ya gama fita ba. Amma na gode. Ku masu shigowa bayansa, ku koyi barin layin nan, ku kuma koyi faɗin abin da ya nuna.

A shafin godiya na kundina na sa sunan kowa, har direba, na tsallake naka don ina fushi. Ga shi na rubuta yau: Barsum Tadros. Ka yafe mini.