Yaran da Littafina Ya Tsallake

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu huɗu a jif: direba, duba-gari, wata ungozoma, sai ni, ɗaliba mai riƙon littafi. Aikinmu shi ne rubuta yaran kowane gida a wasu ƙauyukan Karaye da Rogo, don kada masu yin lambar agana da za su biyo bayanmu su tsallake kowa.

Bayan Gwarzo gargada ta tilasta mini rufe littafin da nake karantawa. A Karaye muka sha furar kwabo biyu, mai nonon ta yi mini gyara, wai na rame kamar alƙalamina.

A ƙauyukan Turawa da Kafin Dafga ana ta cirar gyaɗa, kowane tsakar gida an yi shanya. Nakan yi sallama, in gaisa murya ƙasa-ƙasa, in tambayi uwa yaranta, in rubuta. Kwana biyu ina jin daɗin tsaftar aikina.

A Jajaye wata mata ta lissafa mini yara uku. Ga kuwa wata yarinya tana ɓarar gyaɗa gefenta, kamarsu ɗaya. Da na tambaya, sai matar ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tankaɗe.

Surukarta ta kwashe da dariya daga bakin murhu. "Ke 'yar boko, ina kika taɓa jin uwa ta ambaci 'yar fari? Ke taki uwar tana kiran sunanki?"

Ba ta kira, don ni ma 'yar fari ce. Gida nawa ke nan na bar yaro a waje, ga agana tana yawo?

Da ƙyar na iya gaya wa duba-gari. Ya yi tsaki, direba ya yi ƙorafin mai, amma muka juya. Wannan karon kakanni na nema. Su kam har da tsokana. Wata ta nuna jikanta ta ce, "Rubuta mijina, ga shi can, ko cefane ba ya yi!"

Mun dawo Kano a makare da kwana guda, amma littafi ya cika. Na koyi cewa kowace tambaya da wanda ake yi wa ita.

A gida na ba Inna labari. Ta saurara har ƙarshe ba ta dube ni ba, sannan ta ce wa ƙanwata, "Zuba wa waccan tuwo, ta sha hanya."