Na Yi Kiwon Kalma, Taubashina Ya Yanka

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, har in riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, akwai rana ɗaya da na tabbata ba zai iya ɗauka ba: ranar da taubashina ya yanka kalmar da na yi shekara da shekaru ina kiwo.

Ni malamin Turanci ne a wata makarantar gwamnati a yankin Watari, har na yi ritaya. Kalmar kuwa tun ina kwalejin horon malamai na tsince ta, a wani tsohon littafi da gara ta cinye wa bango: inebriated. Ma'anarta dai mutum ya sha ya bugu. Amma ba buguwar bakin tasha ba. Turanci yana da wata gajeriyar kalma ta wannan hali, wadda kowane ɗan firamare ya sani, da ita ake jifan mutum idan ana son a tozarta shi. Tawa kuwa ta alƙalai ce da likitoci da masu rubutu a jarida, ko dattijon da yake son ya ambaci abin kunya ba tare da ya ɓata bakinsa ba. Buguwa ce da ta yi wanka ta sa babbar riga.

Matsalarta ɗaya: ba ta fitowa sai abu biyu sun haɗu, wanda ya bugu da wanda ya ji Turanci sosai. A garinmu da kowane zaure allo ne da tawada, na farkon wuyar gani yake yi, na biyun kuwa ni kaɗai ne. Haka na riƙe ta, ina ba ta dusa, ina jiran sallarta.

Kuskurena shi ne na nuna wa taubashina ita. Ɗan kawuna ne, malamin lissafi a makarantarmu, mai Turanci irin na wanda yake tsallake rafi a kan duwatsu. Wata rana an tashi tara muna zaune a gindin darbejiya, ya ce, "Malam Ƙamus, yau me aka haƙo?"

Na faɗa masa, na yi masa bayanin inda ake sa ta da inda ba a sawa.

"Maimaita, bawana," in ji shi. Na maimaita. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai sai mutum ya ci tuwo ya ƙoshi kafin ya ɗauke ta."

Muka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa. Ban san ya naɗe ta ya sa a aljihu ba.

Ana nan sai wata ƙungiya mai taimaka wa manoman rani ta zo yankinmu. Shugabar tawagar wata Madam ce daga Kudu, ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri. Suna neman tafinta da zai riƙa bin su ƙauye-ƙauye, da babur, da alawus, da hula mai tambari. Dagaci ya ba da sunana, sannan don kada kawu ya ƙullace shi, ya ƙara da na taubashina. Madam ta ce mu zo taron farko mu biyu, za ta zaɓa. Ni ban ɗauki wannan gasa ba. Har na fara tunanin inda zan riƙa kafe babur ɗin.

Shugaban manoman rani wani dattijo ne daga unguwar maƙwabtanmu Maguzawa, waɗanda yawancinsu yanzu coci suke zuwa. Mun taso muna ce masa Baba. Albasarsa dillalai daga Kano suke bi har gona, kuma ba a san shi da tangaɗi ba. Sai dai ranar taron ta faɗo daidai da gayya a gonar surukinsa, su kuma a al'adarsu gayya da burkutu ake yi, kuma duk tukunyar da aka buɗe, ƙwaryar farko ta dattijo ce. Da alama ranar tukwanen sun yi yawa.

Da hantsi aka jera bencinan makaranta a gindin tsamiya. Ni ina dama da Madam, taubashina yana hagu. Aka ce shugaba ya taso. Baba ya miƙe a hankali, kamar mai ɗauke da tulu cike a ka. Ya gaida dagaci, ya yi taku kaɗan, ya dawo ya sake gaishe shi. Sannan ya kama hannun Madam ya ƙi saki, yana yi mata bayani cewa albasa kamar jikoki take, tana sa ka hawaye amma gida ba ya daɗi sai da ita. Can baya 'ya'yansa sun sunkuyar da kai. Samarin gari kuwa sun fara zaro waya, suna jiran abin da za su yi mako suna dariya a kai.

Madam ta juyo ta tambaya da Turanci ko Baba ba shi da lafiya ne.

Ga wanda ya bugu, ga mai jin Turanci, a inuwa ɗaya! Amma ban yi gaggawa ba, domin kalma irin wannan sai an yi mata shimfiɗa. Na gyara hula. Na yi gyaran murya. Na matsa gaba don na bencin baya su ji. Na shirya jimlar a raina, na kuma shirya yadda zan fassara wa jama'a ita da Hausa bayan na faɗa, don su san nauyin abin da na ɗaga. Ina cikin sake gyaran murya sai na ga taubashina ya sunkuya wajen Madam kamar zai ɗauki biro a ƙasa. Ya faɗe ta. A raɗa. Ya ma sa wa kalmar "ɗan kaɗan" a gaba, ya ƙara da cewa tun asuba suke gayya, kuma dattijo ba ya mayar da ƙwarya.

Ba wanda ya ji sai ita da ni. Abin da ya fi ci mini rai, bai yi tuntuɓe ba. Da lafazina ya faɗe ta, har inda nake ɗan jan murya.

Madam ta cije leɓe tana ɓoye dariya, ta ce kakanta ma haka yake ranar bikin sabuwar doya. Taubashina ya juya ga jama'a ya ce, "Madam ta ce a ba Baba kujera da ruwa. Wanda ya fito gona tun asuba ba ya jawabi a tsaye." Aka zaunar da Baba, babban ɗansa ya yi jawabin. Samari suka mayar da wayoyinsu aljihu, domin gajeriyar kalmar da suka kasa kunne su ji daga bakin tafinta ba ta fito ba. Ni kuwa ina tsaye a gaba, baki a buɗe, har dagaci ya ce, "Malam, ko a kawo maka ruwan kai ma?"

Na yi sauran tafintan taron nan da Turancin da ko a Ikko sai an tafa mini. Madam ta yaba, ta ce na iya ƙwarai. Sannan ta ba taubashina makullin babur.

Bayan kwana biyu amalanke ta wuce ta ƙofar gidana da buhun albasa, daga Baba zuwa gidan kawu, inda taubashina yake zaune. Maiɗakina ta leƙa ta katanga, ta dawo ta ce, "Malam, ni na ɗauka kai ne mai Turancin." Na ce mata miyarta tana ƙonewa.

Da yamma na tare shi a bakin masallaci. Na ce, "Ɓarawo."

"Haba bawana, kai ka ba ni da hannunka."

"Na ba ka ka gani, ban ba ka ka yanka ba. Kuma a raɗa! Kalma irin wannan a raɗa?"

"To da me za ka yi da ita, Malam Ƙamus? Shela?"

Na ce masa malamin lissafi ba zai gane ba. Ya ce gaskiya ne, ya tayar da babur, ya tambaye ni ko ya rage mini hanya. Da ƙafa na koma.

Baba ya rasu da mutuncinsa, jikokinsa ba su taɓa jin an yi musu gori da wannan rana ba. Taubashina ya yi shekaru yana yawo da tawagar, ya yi tumbi, har yanzu Turancinsa a kan duwatsu yake tafiya. Idan ya wuce ni ina zaune a ƙofar gida yakan rage gudu ya ce, "Akwai wata?" In ce babu. Akwai. Ba zai ji ta ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne babbar kalma ba don mai faɗarta aka ɗinka ta ba. Riga ce da ake yafa wa wanda tasa ta yage a gaban mutane, kuma a yafa da sauri, kafin a gani. Wanda ya tsaya gyara hula, zai kalli kalmarsa ta wuce a kan babur. Darasin na karɓa. Abin da har yau ban karɓa ba shi ne a ce malamin lissafi ne ya koya mini.