Igiyar Rigar Baba

Ni ɗinkin kujerar babur na iya, sai tamfol na rufe buhuna. Shagona a Malumfashi bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Wannan rigar kare gaba da masu inji da masu walda ke saye a wurina yanzu, taurin kan Baba ne ya jawo ta.

Baba yana da injin niƙa a Dayi, bel ɗinsa a waje, ba murfi. Kuma ba ya aiki sai da doguwar riga, wai dattijo ba ya tsayawa gaban matan mutane da singileti. Duk ranar da na ga bakin rigar nan yana kaɗawa kusa da bel, sai in roƙe shi ya cire ta. Na yi magana har na gaji.

Sai na yanko ragowar tamfol na ɗinka masa abin da zai rufe shi daga ƙirji zuwa gwiwa, ya matse rigar. Na sa igiya doguwa a ƙugu, don Baba akwai tumbi. Na ba direban motar Dayi ya kai masa, ina cewa a raina ba ma zai sa ba.

Washegari wani mai walda ya kawo gyaran kujera, ya ga ta gwaji irin ta Baba da na rataye. Ya ja igiyar ya ce, "Maigida, wannan fa? In inji ya kama ta, ai da mutumin zai tafi."

Innalillahi! Na kira Baba sau bakwai, bai ɗauka ba, dama ba ya jin waya in inji na aiki. Ko shago ban rufe ba, na haye babur, almakashi a aljihu. Duk mutanen da na hango a tsaye bakin hanya sai in zaci labarin Baba suke yi.

Na same shi yana zuba masara, igiyar na reto a bayansa, bai fi taƙi ɗaya tsakaninta da bel ba. Ko sallama ban yi ba, na damƙe ta na datse.

Ya kashe inji ya juyo. "Kai, lafiyarka? Tun safe nake nuna wa mutane ɗinkin ɗana, har masu niƙa biyu sun ce a yi musu, ka zo ka ɓata min?"

Na zauna kan buhu, guntun igiyar a hannuna. Shekara da shekaru ina roƙonsa bai ji ba, ranar da ya ji maganata kuma na kusa kashe shi.